Hannu a Dunƙule

Wata goma sha ɗaya ke nan, ya Uba,
tun ranar da proje ya rufe,
na miƙa wa gardi makullin mota,
na tako da ƙafa daga Filato har Bukoki,
ni da na shekara tara tafin ƙafata bai san zafin kwalta ba.

Har yau nakan goge farar rigata da garwashin aro,
in saƙala dosiye a hammata,
in fita kamar wanda ake jira.
Maƙwabta su ce, “Barnaba, a sauka lafiya.”
In sauka ina?
Inuwar bedi ta bakin Wadata ta san ni,
ta san ƙarfe nawa nake zuwa, ta san ba na sayen komai.
Kowane buro bakinsu ɗaya:
“Bar lambarka, za mu kira.”
Wayata kuwa ta ɗauki azumin magana.

Da dare Firiskila takan juya wa fitila baya
ta ƙirga cinikin kopto a cikin zane,
a hankali, don kada ƙarar sulalla ta tashe ni.
Ba barci nake ba.
Ina jin kowace dala tana faɗuwa a ƙirjina.
Idde mai kanti ya buɗe mini shafi na uku a littafin bashi,
bai ce uffan ba,
shirunsa ya fi zagi nauyi.

Ka san abin da nake yi ran Lahadi.
In jakar baiko ta iso layinmu
nakan dunƙule hannu in zura shi ciki,
in buɗe yatsu, in saki iska.
Ana kaɗa ganga, ana yabo,
bakina yana motsi, zuciyata tana lissafin haya:
jikka goma sha biyar, sau huɗu.
Wa nake ruɗi? Dattawan majami'a,
ko Kai da ka ƙera yatsun?

Ran Talata na tsaya a tsakiyar gada.
Ruwan Isa ya yi ja, yana tafiya abinsa,
ba dosiye, ba mai gida.
Na daɗe ina kallonsa.
Ba zan ɓoye maka ba, na daɗe.
Sai wayar da ta yi wata da watanni bebiya ta yi ƙara.
Ba buro ba ne.
Tabita ce, da wayar uwarta:
“Baba, in za ka dawo ka sayo mini bik ja,
madam ta ce gobe.”
Na ce to.
Na saki ƙarfen gadar. Ya bar mini tsatsa a tafi.

Ya Yesu, an ce ka riƙe zarto da guduma.
Ka taɓa wuni ba wanda ya kawo ko kujera a gyara?
Ka taɓa komawa gida da yamma
kana shirya abin da za ka faɗa tun daga bakin hanya?
Idan ka taɓa, zauna nan kusa da ni.
Ba dogon bayani nake nema ba.

Lahadin da ya wuce jakar ta sake zagayowa.
Kafin in zura hannu,
tsohuwa Damaris, mai ƙosai a bakin lakwal,
wadda ake cewa idonta ya mutu,
ta kama dunƙulena ta ƙarƙashin mayafinta,
ta tura dala ashirin tsakanin yatsuna,
tana ci gaba da waƙa, ko juyowa ba ta yi ba.
Kuɗin da ɗumi, da ƙanshin mai.
Na saki. Na ji ya faɗa kan 'yan uwansa.

Aiki bai zo ba tukuna.
Mai gida ya ce ƙarshen wata.
Jiya na sauke buhun albasa goma sha bakwai a Katako,
kafaɗata tana ba ni labari har yanzu.
Wuta ta ɗauke, sauro ya fara nasa taron.
Ga ni a tabarma, gwiwa a ƙasa,
ba ni da sabuwar magana.
Ga dai hannun.
Yau a buɗe na kawo shi.