Minti Bakwai a Dayton

Takardar ƙwallo ce ta kai mu,
sa hannun likita kawai, mu juya.
Zayyanu, shekara goma sha biyar,
takalminsa ya fi nawa girma,
ya hau sikeli, ya buɗe baki, ya yi tari.
A bango akwai raƙumin dawa na auna tsayin yara,
tuni ya bar shi a kafaɗa.

Sai Dakta Pruitt ta ce, Baba, ɗan ba mu wuri.
Na fita ina ƙunƙuni:
wane sirri ne tsakanin ɗana da baƙuwa?
Na tsaya kallon kifaye a tankin gilashi
ina lissafin kuɗin fakin.

Minti bakwai. Na duba agogo.

Da aka kira ni, kansa na ƙasa,
yana murza igiyar rigar sanyinsa.
Ta ce, tambayar da muke wa kowane yaro na yi masa,
ko a makonnin nan ya ji gara a ce babu shi.
Ya ce e.

Ni da ke cewa labarin zuciya a tambayi fuska,
kullum fuskar nan na gabana a kan faranti,
ko wasali ban karanta ba.
Lafiya lau, yake cewa,
ni kuma in zari makulli, aikin dare na jira.

Na ce, Likita, ba ke kika sa masa a rai ba?
Ta ce tambaya ba iri ba ce, ba ta tsiro.
Tun kaka yake ɗauke da kayan, shi kaɗai.

Suka cika rabin takarda da rubutunsa:
abin da ke fara zuwa kafin duhun,
lambar 988,
sunaye uku. Kocinsa. Yayarsa Rumasa'u a Cincinnati.
A na ukun biro ya daɗe a sama.
Talata mu dawo.
Nawa aikin: kwalaben maganin gida duka,
akwati, kwado.

A mota nasiha ta cika min baki,
na haɗiye.
Na kashe rediyo. Ruwa na sauka a gilashi.
Sai a danja ta biyu ya ce,
Baba, na ukun kai ne,
in za ka ɗaga waya ko kana wurin aiki.

Wuta ta koma kore.
Na bayana suna ta hon,
ni ban ma tuna inda totur yake ba.