Kadilak a Ebute Meta

A bayan garejin Lasisi, inda kwata ke ratsawa,
na same ta durƙushe kan bulo huɗu,
kaza na kwanci a mazaunin direba.

Kakana Tanimu ne ya tuƙo ta daga Apapa
ran da ƙugiya ta sauko da ita daga jirgin ruwa,
shekara guda kafin mulkin kai.
Baƙa wul, doguwa kamar kwalekwale,
bayanta ya miƙe da fiffike biyu masu tsini,
kowanne da jajayen fitilu kamar harsashi.
Bakinta haƙoran azurfa ne reras,
tayoyinta da farin zobe,
shi ya sa ya kan ce ta sha lalle da alli.

Silinda takwas, in ji shi, amma ba ta ihu.
Sai dai gurnani can ƙasa-ƙasa
irin na mai kuɗin da bai son a san ya ƙoshi.
Ba kulochi. Gilashi da ɗan yatsa ake zuge shi.
Kujerar baya kuwa, Alhaji Na'iya mai goro
ya sha barci a kai daga Agege har Idumota,
fetur na tsiyaya kamar an huda tulu.

Aibinta ɗaya: sitiyarin hagu, hanya ma ta hagu.
In za a wuce babbar mota a gadar Kata
sai yaron mota ya leƙa, ya ce, "Baba, taka!"
Da ƙasa ta canja hannu, hanya ta zo mata daidai,
amma a lokacin Fijo ta cika gari,
kayan gyara sun yi nisa,
Alhaji ya kwanta dama.

Iskar teku ba ta da kunya.
Gishiri ya cinye ƙofa, ya lashe bamba,
ya bar fiffiken nan biyu suna nuna sama
kamar har yanzu akwai wurin zuwa.

Makullinta na aljihuna, gādo ne.
Na zura, bai juya ba.

Ɗan Lasisi ya ce, "Aboki, nawa kilo?"
Don ni da sikeli na zo, da guduma,
sana'ata gwangwan.
Na ce masa kaza na kwanci,
a bari ta ƙyanƙyashe tukuna.