Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya

Ɗakin da nake fassara yana bayan Ƙofar Guga,
kwalayen ƙwai manne a bango don su shanye amo,
makirfo ɗaya da na sa wa safa a baki.
A nan na koya wa matafiyan sararin sama Hausa,
wata bakwai, kashi arba'in da biyu.

Kyaftin na ara masa muryar kawuna mai facin taya.
Injiniyar jirgin, siririya mai sifana a aljihu,
sunanta na karya harshe, sai na raɗa mata Tabawa.
Duk ramin da suka faɗa ita ke fid da su.
Ta yanke waya, ta haɗa waya,
ta taɓa toshe ɓular iska da tafin takalminta.
Yaran gareji na Sabuwar Unguwa
har rantsuwa suke da hannunta.

Sai kashin ƙarshe ya iso mini daren Laraba.
Iskar shaƙa saura ta minti shida,
mai ya ƙare,
maƙiya sun yi musu zobe kamar cinnaku a kan ƙashi.
Na ajiye shayina, na gyara zama,
ina jiran in ga dabarar Tabawa.

Sai haske.
Ba ƙofar da ya buɗe, ba wanda ya kira shi.
Ya ɗauke jirgin cak
kamar yadda uwa ke sauke tukunya daga murhu,
ya dire su gefen wata koriyar duniya.
Kowa na kuka.
Tabawa na tsaye da sifana,
babu noti ɗaya da ya rage mata ta ɗaure.

Na kashe na'ura, na tafi gida da haushi.
Gwaggo Dije na tsince wake a tsakar gida,
na zayyana mata duka.
Ta ce, To mi ya yi zahi?
Shekarar da motarku ta kihe a hanyar Jibiya,
wace Tabawa ta hid da kai?
Ka hito ko ƙwarzane babu, ka ce mani ikon Allah.
Yau kuma ka ga ikon ya yi maka araha?

Na rasa ta cewa har na yi alwala.
A kan tabarma amsar ta zo, ta makara.
Gwaggo, wanda ya fid da ni ba aro ya yi ba.
Wannan kuwa wani ne mai biro a wata ƙasa,
shi ya haƙa rijiyar, shi ya jefa su,
da ya ga igiyarsa ta gaza
sai ya leƙa sama ya ce a rufa masa asiri.
Bashi ya ci na mako arba'in da biyu,
ranar biya ya nuna mana gajimare.

Amma fa ban yi barci ba.
Na tuna gilashin motar yana zuba kamar ƙanƙara,
da direban da bai fito ba,
shi ma yana da sifana a aljihu.

Da safe aiki na jira.
Kyaftin ya ɗaga kai ya kira hasken da wani suna.
Me zan sa a bakinsa?
Sunan Ubangiji ya fi ƙarfin fitilar masu fim.
Mala'ika? Ban isa ba.
Aljani? Yara za su yi dariya.
Sa'a kuwa ta yi kaɗan.

Na danna jan maɓalli, na buɗe baki,
na bar shi a buɗe.
Daƙiƙa goma sha ɗaya,
babu komai sai fankar silin da numfashina.

Har yau masu tura finafinai a waya
suna aiko mini da ƙorafi:
Malam Zayyana, sautin ya ɗauke a wajen hasken nan.
Nakan ce zan duba.
Gwaggo kaɗai ta kalla har ƙarshe ba ta ce uffan ba,
sai da ta miƙo mini wayar ta ce,
Yarinyar nan mai sifana,
a ba ta ruwa ta sha, ta gaji.