Ratar da Ke Tsakani

Ƙarfe goman dare a Cebu.
Ruwa na dukan kwanon rufi, ni ina dukan haruffa.
Can ƙetaren teku, inda hantsi ya dubi ludayi,
wani likita na zuba magana a kunnena, da loma a bakinsa,
ni ce mai mayar da ita rubutu.
Shekara goma sha tara ke nan.
Nenita Cabahug nake a gida;
a kamfani kuwa, yawan layukan da na haifa kafin asuba.

Sau nawa na rubuta wannan cutar?
Mace, shekara hamsin, hannu na sagewa cikin dare,
babban yatsa da manuni da na tsakiya kamar na aro,
jijiya ta matse a mashigar wuyan hannu.
Na rubuta, na ɗiga aya, na wuce ta gaba.
An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
Nawa ya yi ta ɗiga a kaina
ina can ina lissafa yoyon wasu.

Sai ranar da kofi ya suɓuce.
Ba zafi ya sa na sake shi ba,
ban ma ji tafiyarsa ba, ƙararsa kawai na ji.
Sai safiyar da jikata ta tsaya da rigar makaranta,
ina kokawa da maɓalli ɗaya kamar mai kama tarwaɗa,
ta ce, Lola, bari na yi da kaina.

Efren, na teburin bakin taga,
ya zo da abin a tsohon buhun shinkafa.
Kibod ne, amma an fasa shi biyu kamar kwakwa,
kowane ɓari ya ɗaga kafaɗa yana hararar ɗan'uwansa,
siririyar waya ce kaɗai zumuncin da ya rage.
Ya ce, ɗora hannu yadda kike miƙa gaisuwa,
ba yadda kike murɗe wanki ba.
Peso dubu uku. Ki biya in wata ya yi.
Haruffan ma ya yi musu sabon zama:
masu yawan aiki sun dawo layin tsakiya,
ɗan autan yatsa ya sauke kayan da ba nasa ba,
babban yatsa, mai zaman banza tun fil'azal, aka ba shi garke.

Ni da nake kora kalma tasa'in a minti
na koma sha huɗu.
Likita ya gama, ya tafi, ya ga marar lafiya uku,
ina nan ina neman inda aka kai R.
Shugabar aiki ta zagaye lambata da jan biro, ba ta ce komai ba.
Gara ma ta ce.

Ashe duk shekarun nan ɓarauniya ce ni:
B ta hagu ce, da dama nake ɗaukarta.
Yanzu in yatsan ya miƙa don sata
sai ya faɗa rata, ya ƙwanƙwasa katakon tebur,
kamar mai sallama a gidan da aka tashi.

Wata huɗu. Na kai sittin da biyu.
Zugin bai yi ƙaura ba, ya dai rage ziyara;
in an yi sanyi yakan leƙo, ya tambayi hannun dama.
Har yanzu da takalmin hannu nake kwana.
A ratar nan ta tsakiya na ajiye sabon kofi
da hoton yarinyar, haƙoranta biyu babu.

Jiya Lahadi na ɓare mangwaro da farce.
Ruwansa ya gangara ta wuyan hannuna,
sanyi-sanyi, yana danƙo,
na bi shi da ido har gwiwar hannu.
Ban goge ba.
Ina jin sa.