Wayar Birki

Na zana musu raƙumin dawa a allo,
wuyan ya ƙi shiga, ya ci karo da katako.
Yagana ta ce, “Malam, ai jaki ne aka ja.”
Aji ya kece da dariya, ni ma na dara.
Yara talatin da bakwai, haifaffun Waza,
gandun daji na bayan katangarsu,
amma huɗu kaɗai suka taɓa ganinsa da ido.

Sai na roƙi Baba Abaca, mai gadin gandu,
ya ara mana safiyar Alhamis.
Muka bi shi ɗaya bayan ɗaya kamar zabbi,
kowa da gorar ruwa a hammata,
ƙasa ta tsattsage, tana cin takalmi.
Ya ce, “Ku rufe baki. Daji ba ya son surutu,
kuma ba ya maimaita karatu.”

Tafkin ya janye, saura laka da ƙudaje.
Ba giwa, ba gwanki, ba ko barewa,
sai gauraka biyu can nesa, suna ta yanga.
Baba Abaca ya durƙusa, ya nuna da tsinke:
“Wannan kofaton mugun dawa ne, da asuba ya sha.
Wannan na jimina, yatsu biyu, ku ƙirga.
Wannan mai faɗi kamar faifai,
shi ne jakin da malaminku ya ja.
Uwa ce, ga ɗanta, sawunsa cikin nata.
Ina saurayi nakan ƙirga sittin kafin hantsi.
Bana in na kai tara, sai in yi hamdala.”

A hanyar dawowa ne, gindin wata farar ƙaya,
ƙafar Gambo ta sarƙe, ya faɗi.
Wayar birkin babur ce, an yi mata zarge,
an binne bakinta da ganye.
Yara suka yi cirko-cirko.
Na buɗe baki zan yi dogon jawabi,
irin wanda na shirya tun daren jiya,
sai Modu, wanda ba ya magana a aji,
ya ce, “Ƙullin kawuna ne. Haka yake ɗaure akuya.”
Ya dubi ƙasa. Ya ƙara da cewa,
“Da masakwa ta ƙi bara, shi ya saya mini littafi.”

Jawabina ya maƙale a maƙogwaro.
Me zan ce wa yaron da ke riƙe da littafin?
Baba Abaca bai yi faɗa ba.
Ya ce, “Tunda ka san ƙullin, ka san kwancewa.”
Yaron ya tsuguna, yatsu na rawa,
ya kwance, ya naɗe, ya miƙa.
Tsohon ya ce, “Riƙe. Waya ba ta da laifi,
abin da aka tanƙwara ta ta zama, shi take zama.”

Ba mu ga raƙumin dawa ba ranar.
Mun koma da ƙaya a ƙafa da ƙishi.

Ran Litinin na tarar da abu a teburina:
ƙafafu huɗu, ɗaya ta fi sauran gajarta,
wuya dogo, dogo, har yana lilo,
ƙahoni biyu na kan ashana.
Ba suna, ba takarda.
Modu na can baya, yana ferar fensir
kamar ba shi ba.

Na goge jakina daga allo.
Na tsayar da na waya a bakin taga,
fuskarsa na kallon gandu.
Yagana ta ɗaga hannu: “Malam, yaushe za mu koma?
Ina so in ga ko ɗan ya girma,
ko sawunsa ya fita daga na uwarsa.”