Kwatan Juyi

A Combarbalá, da awaki suka shige garke,
Don Abelardo ya jawo bututunsa tsakar gida.
Kwali ne da katako, ya girmi Maite da shekara biyu.
Tsohon madubin ya yi yana, kamar idon mai shi.
Sabon ya iso daga Santiago a bayan bas,
naɗe cikin bargo, inci takwas,
kuɗin cukun wata tara.

Hannunsa na rawa yanzu.
Don haka shi ke da ido, 'yar ke da yatsu.
Ta durƙusa a gindin bututu
inda sukurori uku ke zaune kamar duwatsun murhu.

"Bari ya huce tukuna," in ji shi.
"Gilashi ma yana riƙe zafin rana a ciki."
Suka sha shayi. Kare ya yi hamma.
Sanyi ya gangaro daga kan dutse.

Ya kamo tauraro ɗaya, ya ɓata shi da gangan,
har ya buɗe ya zama zobe,
baƙin ɗigo a ciki, ya karkace gefe
kamar kwalliyar da aka yi a duhu.

"Na hagu. Kwatan juyi."
Ta juya.
"Kin wuce. Dawo."
Tauraron ya tsere daga fili, suka bi shi,
ya sake tserewa.
Ta ce, "Baba, gobe ina da aiki a asibiti."
Bai ji ba, ko ya yi kamar bai ji ba.

Ɗigo ya zo tsakiya, amma zoben ya ƙi:
kusurwa uku ya yi, ya ɗaure fuska.
Tsoho ya yi shiru mai tsawo.
"Wa ya ɗaure maƙalan madubin?"
"Ni. Don kada ya faɗi."
"Kin matse shi. Kwance.
Bar masa ratar da takarda za ta wuce."

Suka sauke, ga tocila a bakinta,
ta sassauta, ɗaya, biyu, uku.
Madubin ya ɗan motsa a shimfiɗarsa.
Gabanta ya faɗi. Bai faɗi ba.

Ƙarfe ɗaya saura, zobe ya zauna cikin zobe.
Ya karkata bututun, ya ja da baya.
"Ke fara."
Zuhalu ne, ƙarami, tas, da ɗamararsa.
Ta daɗe ba ta ɗago ba.

Shi kuwa yana laluben aljihu,
yana neman inda ya sa tabarau.