Jar Tukunya a Shagon Caji

Ranar kasuwar Jega ya iso mini,
da biro a aljihu, da takarda a hammata.
Ɗantani sunansa, na hukumar kashe gobara.
Na jawo masa benci, bai zauna ba.

Ya dubi bango: wayoyi sittin da huɗu
suna shan wuta a soket guda,
kamar 'yan awaki a kan nonon uwa ɗaya.
Ya dubi jarkar fetur a bayan ƙyaure,
ga janareta tana tari a gefenta,
ya ce, "Malam, wa ya haɗa su kwana ɗaki ɗaya?"

Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Ya ce doka ta aza mini kaya, in saurara:
jar tukunya a rataye inda hannu zai kai,
ba a ƙarƙashin tsumma ba;
ƙofa a sarari, kada kwali ya tare ta;
mai ya kwana a waje;
yaron shago kuma ya san yadda ake zare fil.
"In ta tashi daga nan ta lashe layin nan,
ba iska alƙali zai kira ba. Kai ne."

Na ce a raina, na goro ne ya sake riga.
Shekara tara ina nan, ko ƙauri ban ji ba,
Allah ke tsarewa.
Kamar ya ji ni, ya ce, "Shi ke tsare gona ma,
amma ban ga ka bar taka babu shinge ba."
Ya tafi, bai karɓi ko ruwan leda ba.

Na saya, ina ƙunƙuni.
Cinikin sati biyu ya hau ƙusa ya yi shiru.
Anaruwa mai tireda ya leƙo ya ce,
"Barka da baƙuwa! Ba ta ci, ba ta sha, ba ta magana."
Wata bakwai ƙura kaɗai ke gaishe ta.

Ba a shagona ta tashi ba.
Tela Kwasau ya bar dutsen guga a jone,
ya rufe shago babu wuta,
wuta kuma ta dawo ƙarfe biyun dare
ba sallama.
Tsakaninmu falle ɗaya ne na kwano.

Yarona Ladan, da ke kwana a kan benci,
ya farka da ɗacin hayaƙi a maƙogwaro.
Ƙofa a sarari take. Jarka tana waje.
Ya zare fil kamar yadda aka nuna masa
ranar da nake hararar mai nunawa.

Da asuba na taras da kayan sallar mutane sun zama toka,
Kwasau a tsugune, hannu biyu a ka.
Nawa bangon ya yi baƙi, amma yana tsaye.
Na ƙirga wayoyin, na sake ƙirgawa,
sai a nan na tuna ko ɗaya ba tawa ba ce:
ta mai albasa, ta ungozoma, ta direban Yawuri,
amana ce na rataya a jikin waya mai tsatsa.

Tukunyar ta koma sakayau kamar ɓawon duma.
Na goya ta a babur zuwa Birnin Kebbi a cika ta,
ina riƙe da ita a duk gargada.

Yanzu kafin in kunna janareta
sai na karanta kwanan watan da ke wuyanta,
yadda nake duba maganin ɗiyata
kafin in ɗiga mata a cokali.